Faɗakarwa ga Almajirai da Fatake a kan Cinikin Ƙasa a Sabon Gari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko almajiri ne kai mai allo da tawada, ko falke mai awo da ƙidaya, ka sani akwai wata mas'ala wadda ba ta cika tasowa a tsohon birni ba, amma da zarar an sari sabon gari a bakin daji sai ta miƙe tsaye. Ga ta: mutum ya sayi fili, ba shi da niyyar gini ko noma, ya biya da kuɗin rance, bayan wata uku ya sayar da ninki biyar, ya ɗaure kuɗinsa ya bar garin. Shekara ta kewayo ciniki ya rushe, wanda ya saya a hannunsa ya tsiyace. Shi kuwa bai yi rantsuwar ƙarya ba, bai tilasta kowa ba, an yi ciniki gaban shaidu. Shin wannan riba tasa ce tsarkakakkiya, ko akwai haƙƙin wani a cikinta?

Zan kawo maka misali daga ƙasa mai nisa da zamani mai nisa, domin misali na kusa yakan sa mutum kare danginsa ya bar duban gaskiya. Kuma mutanen da abin ya faru a kansu sun rubuta shi dalla-dalla, da shekara da adadi.

A ƙasar Amurka, cikin jihar Ilinoyi, akwai birni a bakin babban tafkin Mishigan ana ce masa Shikago. A shekarar 1833 ta Miladiyya, sa'ad da hukuma ta ba shi sunan gari, mutanensa kamar 350 ne. Sansanin soja ɗaya, da 'yan ɗakunan katako, da masu sayen fatun namun daji, sauran wurin kuwa fadama ce mai taɓo. Magana ɗaya ce ta ɗaga sunansa. Hukuma ta ƙudura haƙa hanyar ruwa daga tafkin zuwa kogin Ilinoyi, wanda ke zuba cikin babban kogin Misisifi, domin kaya su riƙa tafiya ta ruwa daga gabashin ƙasar har kudancinta. A 1830 aka aiko mai awo ya yanka wurin fuloti-fuloti bisa takarda, aka soma sayarwa domin tara kuɗin aikin. Ba a fara haƙa ba sai 1836.

To dubi abin da ya faru tsakanin yanka takarda da fara haƙa. Akwai fuloti guda kusa da bakin kogi wanda aka sayar dala 100 a 1832. A 1834 aka saye shi dala 3,000. A 1835 ya kai dala 15,000. Ƙasar ita ce dai, taɓon ma shi ne. Wata marubuciya 'yar Ingila mai suna Hariyet Matino ta biyo ta garin a 1836, ta ba da labarin wani baƙin mutum sanye da jajayen tufafi bisa farin doki, riƙe da jar tuta, yana bin tituna yana shelar lokacin gwanjon filaye, duk inda ya tsaya jama'a su rufe shi. Masu kantuna kuma suna bakin ƙofa suna kiran mai wucewa ya zo ya sayi gona ko fuloti tun kafin kuɗi su ƙara tashi. Da filayen garin suka yi wa mutane tsada, sai aka shiga ƙirƙirar garuruwa bisa takarda. A zana taswira mai kyau, ga tituna, ga kasuwa, ga makaranta, ga matsayar jiragen ruwa, alhali wurin kurmi ne ko ruwa ya shanye shi. A kai taswirar birnin Niyu Yok, a sayar wa mutanen da ba su taɓa taka wurin ba, su ma ba su da nufin takawa.

Cinikin abinci kuwa ya nuna gaskiyar garin fiye da taswira. Garin bai ciyar da kansa ba. Garin alkama da nama daga gabas ake kawo su a jirgi da tsada, domin hannun da ya kamata ya riƙe garma yana riƙe da takardar fuloti. Sai a 1838 aka fitar da alkama ta farko daga Shikago zuwa gabas, ita ma ba ta kai buhu 40 ba.

Za ka ce, ina suka sami kuɗin? Nan ne maganar banki ta shigo, kuma sai ka natsu. A wancan zamani kuɗi na ainihi zinariya ne da azurfa. Takardar kuɗi kuwa alkawari ce: banki ya buga ta da sunansa, ya ce duk wanda ya kawo ta zai ba shi azurfa daidai adadin da aka rubuta. Kowane banki da irin takardarsa. Babban bankin ƙasar shi ne ke taka wa ƙanana burki, yana tara takardunsu ya kai musu ya ce su biya. Shugaban ƙasar, Andiru Jakson, ya ƙi sabunta masa izni a 1832, wa'adinsa ya ƙare a 1836, kuɗin hukuma aka rarraba su ga bankunan jihohi. Ita kuma hukuma tun 1820 tana sayar da ƙasar daji dala 1 da kwata kowace eka. Sai abin ya zama kewaye. Mutum ya ranci takarda a banki, ya kai ofishin ƙasa ya saya, ofis ya mayar da takardar banki ajiya, banki ya ranta wa wani ita, shi ma ya tafi ofishin ƙasa. Wanda ya riga ya saya kuma ya jinginar da filinsa bisa sabon farashi ya ƙara rance. Abin da hukuma ta samu daga sayar da ƙasa bai kai dala miliyan 5 ba a 1834. A 1836 ya kusa miliyan 25.

A jihar Mishigan, maƙwabciyarsu ta ƙetaren tafki, abin ya wuce nan. A 1837 aka yi doka wadda ta sauƙaƙa buɗe banki ga duk 'yan mutanen da suka haɗa kai, da sharaɗin su ajiye wani kaso na jarinsu zinariya ko azurfa. Bankuna wajen 40 suka buɗe. Waɗansu aka kafa su can cikin daji inda mai riƙe da takarda ba zai iya zuwa neman azurfarsa ba, har mutane suka riƙa ce musu bankunan kyanwar daji. Idan masu binciken hukuma sun taho, sai a ɗauki akwatin azurfa guda a riƙa gudu da shi daga wannan banki zuwa wancan, kowa ya nuna shi a matsayin nasa. A wani banki masu binciken suka tona akwatuna, suka iske tsabar kuɗi shimfiɗe a bisa, ƙarƙashi kuwa ƙusoshi ne da darma da fasasshen gilashi. Kai falke ka san sunan wannan a kasuwar hatsi: algus ne, irin na mai zuba tsakuwa a gindin buhu. Kafin shekara 3 kusan dukkansu sun rufe.

Rushewar ba ta ɗauki lokaci ba. A watan Yuli 1836 Jakson ya ba da umarni kada ofishin ƙasa ya ƙara karɓar takarda sai zinariya da azurfa. Bankin Ingila ya tsuke rance, kuɗin auduga ya faɗi. Ranar 10 ga Mayu 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, bankunan Niyu Yok suka daina biyan azurfa ga masu kawo takarda, sauran suka bi su. Wani masani mai suna Homa Hoyit, wanda ya bi tarihin farashin ƙasar Shikago a littafin da ya fitar a 1933, ya ƙiyasta cewa darajar filayen ta haura dala miliyan 10 a 1836, a 1842 kuwa ba ta kai miliyan 1 da rabi ba.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Mai akwatin ƙusoshi ba ya bukatar dogon bincike, maha'inci ne. Mai zana kasuwa a kan ruwa haka. Wanda ya sa yaransa cikin gwanjo su riƙa taya da tsada ba da nufin saye ba, domin su ja baƙo, shi ne najashu wanda hadisi ya hana. Ruwan da ake ɗorawa kan rance kuwa hukuncinsa sananne ne ga yaron da ya karanta Risala. Waɗannan duka ba su ne masu wuya ba. Mai wuya shi ne mutuminmu na farko, wanda ya shiga da tsabta ya fita da tsabta.

Idan ka kai shi gaban alƙali bisa mazhabar Maliku, ina ganin zai fita. Ibnu Abi Zaidin ya ambata a Risala cewa sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa ya halatta, har ma ya halatta a biya kuɗi nan take idan abin yana cikin waɗanda ba a tsoron canjawarsu, ya kuma lissafa ƙasa da gida a cikinsu. Sayar da abu kafin a karɓe shi a hannu, a wurin malamanmu abinci ne aka hana a cikinsa, fili bai shiga ba. Riba kuma ba ta da iyaka yankakkiya idan masu ciniki biyu sun san kasuwa kuma sun yarda. Saboda haka kada almajiri ya yi gaggawar cewa haram a inda malamai ba su ce ba, wannan ma laifi ne mai zaman kansa.

Amma hukuncin alƙali bisa zahiri yake, tambayarmu kuwa ta zarce zahiri. Ka tambayi kanka daga ina ribar ta fito. Falken da ya ɗauko goro daga Gwanja ya kai Kano shi ma da fata ya saya, shi ma yana iya faɗuwa. Sai dai ya ƙara wa goron abin da ba shi da shi a da: ya kusantar da shi ga mai bukata, ya sha rana, ya yi ta yayyafi da sauya ganye kada ya bushe. Kuma komai yawan hannun da goron ya ratsa, akwai mutum a ƙarshe wanda zai ɓare shi ya ci, ya ga kuɗinsa ba su tafi banza ba. To riƙe wannan ma'auni ka auna fulotin dala 15,000. Da an ce wa mai sayensa, ba za ka sake sayarwa ba har shekara 10, sai dai ka gina ko ka ba da haya, da ya saya? Da yawansu da sun mayar da hannu aljihu. Kowannensu ya saya ne domin yana zaton akwai wani a bayansa, wancan ma haka, har a kai ga wanda babu kowa bayansa. Ribar na farko da na tsakiya ita ce asarar na ƙarshe, ba a haifi wani amfani a tsakani ba wanda za a ce daga shi ta fito. Wannan ita ce siffar da ta sa aka hana caca, ko da yake a nan ta shigo sanye da rigar ciniki ingantacce.

Kuma akwai wani abu a sabon gari wanda ke ƙara nauyin wannan. A tsohuwar kasuwa mutum yana da gida da uba da unguwa. Dillalin da ya cuci baƙo gobe ma a nan zai zauna, fatoma ba zai ƙara kai masa kowa ba. A tunga kuwa kowa jiya ya zo, babu wanda ya san kakan wani, mai sayarwa yana iya kwana a wani gari. Abin da ke tsare mutum daga waje ya ragu, sai abin da ke cikin ƙirjinsa ya saura. Ka tuna da wannan ranar da aka shimfiɗa maka taswirar filaye a bayan wani gari, aka ce maka hanya za ta biyo nan.

Idan ka ce: ai fatan nan bai zama ƙarya ba, Shikago ta zama babban birni, a 1890 mutanenta sun haura miliyan 1, filayen da aka yi wa dariya sun ninka tsohon farashinsu sau da yawa, sai in ce maka wannan hujja ce mai ƙarfi, ba na raina ta. Wurin yana da amfani na gaske, wanda ya hango shi bai yi wauta ba. Amma ka duba hannun da ya cika fatan. An gama hanyar ruwan a 1848 bayan jihar ta kasa biyan bashinta, aiki ya tsaya shekaru. Waɗanda suka zauna suka haƙa, suka cike fadama, suka noma alkama, su ne suka mayar da takarda gari. Sa'an nan gari ɗaya da ya tabbata bai wanke garuruwan takarda masu yawa da ciyawa ta rufe ba.

Labarin Wiliyam Ogdin ya dace a nan, domin ya tsaya a ɓangarori biyu. Ya zo a 1835 ya duba filin da mijin 'yar'uwarsa da abokansa suka saya dala 100,000 daga nesa, ya iske shi cikin ruwa da laka, ransa ya ɓaci. Da ƙasa ta bushe ya yanka shi, ya sayar da kashi ɗaya cikin uku ya mayar da kuɗin duka. Har nan shi ma mutuminmu ne na farko. Sai dai bai tafi ba. Ya zauna, aka zaɓe shi shugaban birnin na farko a 1837, rushewa ta same shi a ciki da bashi a wuyansa, kuma da masu bashi suka taru suna neman a dakatar da kotuna ya tsaya ya roƙe su kada su zubar da mutuncin garin. Daga baya ya jagoranci shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta farko daga birnin. Abin da ke zuciyarsa Allah ne masani, amma a zahiri ya ɗaura makomarsa da ta waɗanda ya sayar wa, kuma wannan ya raba shi da wanda ya ɗaure kuɗi ya hau jirgi.

Malamanmu sun yi magana a kan raya matacciyar ƙasa, wadda babu mai ita. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo yana da littafi a kan wannan babi mai suna Ta'alimur Radi. A Muhtasar na Halilu an lissafa abin da ake raya ƙasa da shi, kamar fitar da ruwa da gini da dashe da noma da sare itace, an kuma bayyana cewa kewaye ta da shinge kawai bai zama rayawa ba. To idan shinge bai isa ba, ina ga zanen alƙalami bisa takarda? An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umaru ya karɓe wani sashe na kwarin Aƙiƙu daga hannun Bilalu ɗan Harisu, wanda aka yanka masa tun zamanin Annabi, saboda ya kasa raya shi, ya raba wa jama'a. Kada ka ɗauki wannan ka ce duk wanda ya sayi fili ya ajiye za a ƙwace masa. Abin da aka mallaka da ciniki hukuncinsa daban. Abin da nake ɗauka a ciki shi ne inda shari'a ta fuskanta, cewa ƙasa ta mai amfanar da ita ce. Su ma Amurkawa bayan sun sha wuya sun kusanci wannan: a 1862, zamanin Abraham Linkon, aka yi dokar ba da eka 160 ga wanda ya zauna a kanta shekara 5 yana nomawa.

Ga abin da ya rinjaya a wurina. Wanda ya san siffar da aka faɗa ƙarya ce, ko ya baza jita-jita, ko ya yi shiru ga aibin da ya sani kamar ambaliya, wajibi ne ya mayar. Wanda bai yi ko ɗaya ba, dukiyar tasa ce a hukunci, ba a tilasta shi, amma tana cikin shubuha gwargwadon abin da ya sani a ransa ranar da ya sayar. Kuma ana gane shi ne bayan rushewa. Yawancin cinikin nan bashi ne. Filayen hukumar hanyar ruwa ma rubu'i ake biya, saura a shekara 3. Da kasuwa ta faɗi, mai saye ya kasa cikawa, sai hanya biyu ta buɗe ga mai sayarwa: ya karɓe filin ya riƙe rubu'in ya bi shi da saura, ko ya jinkirta masa kamar yadda aka yi umarni a ƙarshen Suratul Baƙara game da mai ƙunci, ko ma ya warware cinikin ya mayar masa da abinsa, wanda malamai ke kira iƙala kuma hadisi ya kwaɗaitar a kansa. Mutumin da ya ce shi ma bai san abin zai rushe ba, ga wurin da zai gaskata kansa.

Akwai kuma tambayar da ta riga duk waɗannan: ƙasar nan matacciya ce kuwa? Akwai mutane a kanta, ƙabilar Fotawatomi da 'yan'uwansu, suna farauta suna noman masara tun kafin Bature ya zo. A watan Satumba 1833 aka tara su a Shikago, shekara guda bayan an murƙushe wata ƙabila maƙwabciyarsu da yaƙi, suka sa hannu a takardar barin eka wajen miliyan 5 yamma da tafkin. Wani kaso na kuɗin ya tafi ga 'yan kasuwar da suka ce suna bin su bashi, masu sayar da giya kuma suna kewaye da wurin taron. Daga 1835 aka soma kwashe su zuwa ƙetaren Misisifi. Cinikin wanda aka matsa wa lamba ba ya lizimtarsa a wurin malamanmu, kuma yawan hannun da abu ya ratsa bayan haka ba ya shafe yadda ya fita daga hannun farko.

Saura mutum ɗaya wanda bai sayi fuloti ba, bai buɗe banki ba, shi ne lebura mai haƙa. Da yawansu baƙi ne daga ƙasar Ayalan, suna aiki cikin laka, zazzaɓi na kashe su. Da kuɗin jihar suka ƙare sai aka riƙa biyan aikin da takardar alkawari maimakon tsaba. Mai iyali ba ya jira, sai ya kai takardarsa ga mai tsabar kuɗi ya karɓi ƙasa da abin da aka rubuta a kanta, domin ya sayi garin alkama. Ita takardar nan hukuma tana karɓarta a cinikin filayen da ke gefen hanyar ruwan, saboda haka wanda ya tara ta da arha ya sami ƙasa da arha. Waɗansu leburorin da suka iya daurewa sun kai tasu da kansu, suka karɓi gonaki a gefen ramin da suka haƙa, suka zauna suka noma.